Haƙori Ba Ya Tsirowa Sau Uku

A wannan mako ina so mu yi magana a kan abin da kowannenmu yake ɗauke da shi a baki. Da shi muke ci, da shi muke dariya, amma ba ma tuna da shi sai daren da ya hana mu barci.

Akwai wani abokina da ya yi wata huɗu yana tauna abinci da gefe ɗaya. In ya sha ruwan sanyi sai ka ga ya runtse ido, in ka tambaye shi ya ce ba komai. Ya danna kanumfari a wurin, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sayi ƙwayoyi a kemis. Ana nan sai ciwon ya ɗauke, ya ce ai ya warke. Bayan mako uku ya tashi da kunci kamar ya ɓoye ƙwallon mangwaro, ga zazzaɓi, ko baki ba ya iya buɗewa sosai. A asibiti aka cire masa turmi guda, yana ɗan shekara 23. Likita ya ce da ya zo tun lokacin da sanyi ya fara ratsa haƙorin, da ciko kawai za a yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, haƙoransa na gaba farare ne tas. Kullum sai ya dirje su da gawayi kafin ya fita.

Ni a ganina, matsalar yawancinmu ke nan. Mun damu da haƙoran da ke fitowa a hoto, mun bar waɗanda ke yi mana aiki a can ciki. Mun ɗauka fari shi ne lafiya, mun kuma ɗauka in babu ciwo babu matsala. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin sau biyu kacal mutum yake samun haƙori a rayuwa. Na nono guda 20 ne, na dindindin kuma 32, idan aka haɗa da huɗun nan na can ƙurya da sukan fito tsakanin shekara 17 da 25. Farce yana tsirowa, ƙashi in ya karye yana haɗewa. Ɓawon haƙori kuwa, wanda likitoci ke kira inamel, ko da yake ya fi komai ƙarfi a jikin mutum, in ya rarake ya zama rami ba ya cikowa da kansa.

Babu tsutsa a cikin haƙori

Mun taso muna jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har a kasuwa za ka ga mai magani yana turara wa mutum hayaƙi, ya nuna masa wani abu a kwano ya ce ga ta nan ta fito. Babu wata tsutsa. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙin ganewa. Idan ka kwana ba ka goge baki ba, ka kankare haƙorinka da farce, za ka ga wani farin abu mai yauƙi. Wannan tarin ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da ka sa zaƙi a baki, suna ci su fitar da asid, asid ɗin kuma yana narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan. Yawu ne ke zuwa ya wanke asid ɗin, ya mayar wa haƙori da sinadaran da ya rasa, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ya gama wannan aiki.

Saboda haka yawan lokutan da kake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Wanda ya sha lemo kwalba ɗaya tare da abinci ya tashi, haƙorinsa ya sha hari sau ɗaya. Wanda ya ajiye kwalbar a gefe yana kurɓa tun azahar har yamma, yana jefa alawa a baki tsakani, bai ba yawunsa damar yin komai ba. Da dare kuma yawu yana raguwa ƙwarai in mutum ya yi barci. Shi ya sa shayi mai sukari da biskit a kan gado, a kwanta ba a goge baki ba, yana cikin manyan abubuwan da ke haƙa rami.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babba, wannan kusan gram 50 ne, wato cokalin shayi 12, kuma ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Lemon kwalba da yawa suna da kusan gram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ka duba jikin robar da ke hannunka ka yi lissafi. Roba ɗaya mai santilita 50 tana iya cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a zo kan shayin safe, zoɓo da kunun zaƙi ba.

Jini a buroshi magana ce

Da yawa daga cikinmu muna tofar da jini in muna goge baki, sai mu ce buroshi ne ya yi ƙarfi, ko mu daina goge wurin. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Idan hannunka yana jini duk lokacin da ka wanke shi, ai ba za ka yi shiru ba.

Wannan farin abu mai yauƙi, in ya daɗe a gindin haƙori, yakan sanƙare ya zama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Daga nan buroshi ba ya iya cire shi. Dasashi sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. A wannan mataki ana iya warkewa sarai, in aka wanke a asibiti aka kuma gyara yadda ake goge baki. In aka bari, cutar tana gangarawa ƙasa tana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, ba tare da wani ciwo ba. Shekaru suna tafiya, sai haƙori ya fara girgiɗi, ya faɗi lafiyarsa lau ba ko rami. Mukan ce tsufa ne, alhali abin ya faro tun mutum yana saurayi.

Akwai masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su yi girgiɗi ko su buɗe. Gaskiyar ita ce, ƙanzon ne ya cike gurbin da cuta ta riga ta ci, da aka cire shi sai ɓarnar ta fito fili. Wankin bai jawo ta ba, tsayar da ita ya yi. Masu shan taba su lura da wani abu kuma: taba tana ƙara cutar dasashi, tana kuma rage jinin da zai yi maka gargaɗi, sai ka ɗauka lafiya kake. Mai ciwon sukari ya fi saurin kamuwa, cutar dasashin kuma tana wahalar da daidaita sukarin jini. Mata masu juna biyu su ma dasashinsu yakan kumbura, kuma ba laifi ba ne su ga likitan haƙori a lokacin.

Warin baki ma yawanci daga nan yake, daga dasashi, da tsakanin haƙora, da bayan harshe. Minti da cingam suna rufe shi na minti kaɗan ne kawai. Idan abokinka yana fama da shi, ka ja shi gefe ka gaya masa cikin mutunci. Ya fi a riƙa kauce masa ana dariya a bayansa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma kusan biliyan ɗaya daga ciki cutar dasashi mai tsanani ce ke damunsu.

Abin da muke yi wa kanmu don kwalliya

A nan ne nake da ƙorafi da mu matasa. A waya ana ta koya mana a haɗa gawayi da lemon tsami, ko gishiri da bakar hoda, a dirje haƙori ya yi fari. Ranar farko za ka ga haske, domin ka kankare saman. Amma lemon tsami asid ne, gawayi da toka kuma suna goge ɓawon kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai launin rawaya-rawaya. Da ɓawon ya yi siriri sai rawayar ta ƙara fitowa, sanyi da zafi su fara ratsa haƙori. Wanda ya fita neman fari sai ya dawo da rawaya da ciwo.

Haka masu zuwa a fafe musu haƙoran gaba don su sami wushirya. Wanda aka haifa da ita, kyakkyawa ce. Wanda ya sa aka goge masa ɓawo don ya ƙirƙira ta, ya buɗe wa ciwo ƙofa, wani lokaci har jijiyar haƙorin ta mutu ya yi baƙi. Ga kuma sabon yayi na ɗaura wayar haƙori don ado, a wurin wanda bai karanci aikin ba. Waya tana motsa haƙori da gaske, tana kuma tara datti. In ba likita ne ya ɗaura yana duba ta ba, tana iya karkatar da haƙoran da suke a miƙe. Sai 'yan maza masu buɗe kwalba da haƙori don a ce su jarumai ne. Haƙorin da ya tsage ba ya haɗewa.

Launi kuma ba ya nuna lafiya. Haƙorin mutane da yawa ba fari fat ba ne tun asali, kuma lafiyarsa ƙalau. A wasu yankunanmu, kamar Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe, ruwan ƙasa yana da sinadarin fuloraid fiye da kima, yaran da suka girma suna shan sa sukan fito da haƙora masu ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Wannan ba ƙazanta ba ce, ba kuma goro ba ne, tabon yana cikin ɓawon ne tun haƙorin yana ginuwa. Dirza ba ta cire shi, likita ne ke da hanyar gyara shi. Mu daina yi wa irin waɗannan 'yan'uwa ba'a.

In ciwo ya riga ya zo

Rami yana farawa shiru. Sai ya yi zurfi kake jin sanyi ko zaƙi yana ratsa shi. In ya kai jijiya, shi ne zugin nan mai hana barci. In zugin ya ɗauke da kansa, kamar yadda ya faru da abokina, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suna gangarawa gindin haƙori su tara mugunya.

Ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari suna rage zafi na ɗan lokaci, haka ma farasitamol, amma ba sa cike rami. Kada ka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa guba ne. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da likita ya rubuta ba yana kwantar da kumburi ne ya bar tushen ciwon, gobe ya dawo. Idan kuma kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko ka kasa buɗe baki, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro, kuma yana kisa.

Ga masu ƙwallo da masu hawa babur: idan haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi. A saka shi cikin madara a garzaya wurin likitan haƙori, in da hali cikin awa ɗaya. Sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama.

Na san abin da wani zai ce

Wani zai ce, ina kuɗin? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Likitocin haƙori kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuma a birane suke. Amma ka duba yadda kuɗin ke hawa. Buroshi da man goge baki sun fi wanki araha, wanki da ciko sun fi aikin jijiya araha nesa ba kusa ba. Cirewa tana kama da mafita mai sauƙi, sai dai ba a nan take ƙarewa ba. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkato, na sama ya zazzago, tauna ta lalace, sa na roba kuma wani kuɗin ne. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar rigakafi. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen haƙori. A je a duba ko sau ɗaya a shekara, tun ba a jin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce, kakanninmu aswaki kawai suka sani, suka tsufa da haƙoransu. Aswaki abu ne mai kyau, ko na itacen aswaki ne ko na darbejiya, in an bi kowane haƙori ciki da waje, ba a bar shi a gefen baki ana tauna kawai ba. Amma kakanninmu ba su sha lemon kwalba kullum ba, ba su tashi da alawa a aljihu ba. Bakin da ke shan sukarin zamani yana bukatar fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawo, har ya gyara ɓarnar da ba ta kai ga rami ba. Kaɗan a man goge baki da ake tofarwa daban yake da mai yawa a ruwan da yaro ke sha kullum. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Ka riƙe aswakinka da rana, ka haɗa da buroshi safe da dare.

Abin yi kullum

Ka goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci. Na dare kafin barci shi ne mafi muhimmanci, bayansa kuma kada a ci komai sai ruwa.

Ka duba jikin man, ka nemi mai fuloraid tsakanin 1000 da 1500 ppm. In ka gama ka tofar, kada ka kurkure da ruwa, domin sauran man ya ci gaba da aiki.

Ka sayi buroshi mai laushi. Ka karkata shi wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, ka goga a hankali, ciki da waje da saman turame, sannan harshe. Ƙarfi ba shi ne tsabta ba. Ka canza shi bayan wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje, kuma kada ka yi tarayya da kowa a kansa.

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora. Ka yi amfani da zaren sakace sau ɗaya a rana. Allura, tsinken tsintsiya da kan biro suna huda dasashi.

In za ka sha zaƙi, ka sha tare da abinci, ka bi da ruwa. Bayan lemo ko wani abu mai tsami, ka dakata kamar rabin awa kafin ka sa buroshi, domin ɓawon yana da taushi a lokacin.

Ƙannenmu suna kallonmu

Yawancinmu muna da ƙanne a gida, wasu ma sun fara samun nasu 'ya'yan. Kada mu ce haƙorin nono ai zai faɗi. Shi ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma in ya ruɓe yaro yana shan azaba, ya kasa ci, ya kasa karatu. A fara goge wa yaro tun haƙorin farko, da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Daga shekara 3 zuwa 6 a sa kamar ƙwayar wake ƙarama, babba yana tsaye a kansa. Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa a can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, amma iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe.

Akwai kuma cutar noma, wadda ake kira ciwon iska. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Da kumburin dasashi take farawa, cikin kwanaki ta ci kunci da leɓe. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa bukatar da Nijeriya ta jagoranta. In aka gano ta da wuri, magani yana tsayar da ita. Yaron da ya rame, dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, a kai shi asibiti ranar.

A taronmu ma akwai abin gyara. Kusan kowane zama sai an raba lemo, biskit da alawa, yara ne kuma ke kwashe ragowar. Me zai hana wani lokaci a kawo gyaɗa, ayaba, kankana da ruwan sanyi? Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Za mu iya gayyato ma'aikacin lafiyar haƙori ya yi mana bayani, ya leƙa bakin yara.

Don bimbini a wannan mako

Yaushe rabonka da goge baki da dare? Sau nawa zaƙi ya shiga bakinka jiya, tun daga shayin safe? Akwai gefen da ka daina tauna abinci da shi? In akwai, yau ka tambayi inda sashen haƙori mafi kusa yake, ka sa rana. Abokina yana nan, in ya yi dariya sosai ana hango giɓin. Yanzu shi ne ke tsare ƙannensa da buroshi kowane dare.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.